Ciyawar Teku da Hanjin Ɗan Adam: Abubuwa Goma Masu Ban Mamaki

Wanda ya tashi nesa da gaɓar teku zai iya rantsuwa babu abin da ya haɗa shi da ciyawar teku. Amma tana nan a shagon magani, tana nan a ɗakin gwajin asibiti, har tarihin gishirin miya da na farin magi ta kanta ya biyo. A 'yan shekarun nan masu bincike sun duƙufa kan tambaya guda: shin ruwan da ake tatsa daga jikinta yana kare ƙwayoyin halittar hanji daga lalacewa?

1. Wuya ce ta koya mata kare kai
Ciyawar da ke maƙale a duwatsun gaɓa tana shan azaba. A yawancin gaɓoɓi, sau biyu a yini ruwa ke janyewa ya bar ta cikin rana da iska, sannan ya dawo ya lulluɓe ta. Wannan hali na haifar mata da ɓurɓushin oksijin masu zafin nama, waɗanda ke cin jikin ƙwayar halitta. Tunda ba ta da ƙafar gudu, sai ta ƙera sinadaran kariya, antioksidan, masu tare ɓarnar tun ba ta yi nisa ba.

2. Mai ruwan ƙasa ta fi kayan yaƙi
Iri uku ce: kore, ja, da mai ruwan ƙasa. Ta ƙarshen ce kaɗai ke da sinadaran fulorotanin, tana kuma da fukozantin da ke ba ta launi, da fukoidan mai yauƙi, wanda Harald Kylin ɗan ƙasar Suwidin ya fara warewa a 1913. Wata mai suna Ecklonia cava, da ke yalwace a tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu, na cikin waɗanda aka fi nazari.

3. Hanji na sauya shimfiɗa cikin ƙasa da mako
Abin da ya raba abincin cikinka da jininka shimfiɗa ce mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak. Faɗinta ya kai murabba'in mita 30, kuma cikin kwana 3 zuwa 5 jiki ke zubar da tsoffin ƙwayoyinta ya kawo sababbi. Ita ke karo da duk abin da ya wuce maƙoshi, daga soyayyen man da aka maimaita har magunguna. Shi ya sa masu bincike suka sa mata ido.

4. Hanjin dattijo guda ya zagaye duniya
Da yawa daga cikin gwaje-gwajen nan da ƙwayoyin Caco-2 ake yinsu. Asalinsu ƙarin kansa ne daga babban hanjin wani dattijo ɗan shekara 72, wanda Jorgen Fogh ya raya a cibiyar Sloan-Kettering da ke New York a shekarun 1970. Abin al'ajabi, idan aka bar su a faranti kamar kwana 21, sai su jeru su rikiɗe su yi kama da ƙwayoyin ƙaramin hanji, har da 'yan gasun tsotsar abinci.

5. Ga yadda gwajin yake
Mai bincike zai shanya ciyawar, ya niƙa, ya jiƙa garin a ruwa ko sinadarin itanol, ya tace. Sai ya ɗiga ruwan a wasu ramukan farantin da ƙwayoyin hanjin ke ciki, wasu ya bar su haka nan. Bayan sa'o'i ya zuba haidirojin faroksaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke miki da shi, ya biyo da rinin da ke ƙyallin kore idan ɓarna ta afku. A gwaje-gwaje da dama, ramukan da suka sha ruwan ciyawar ƙyallinsu ya ragu, ƙwayoyinsu kuma sun fi tsira. An kuma ga wasu sinadaran suna tayar da furotin Nrf2, wanda ke sa ƙwayar ta ƙera nata makaman kariyar.

6. Faranti daban, ciki daban
A faranti babu ruwan ciki mai tsami, babu hanta, babu tarin bakteriyar da ke sauya sinadari kafin ya isa inda aka nufa. Finlan ta bar wa duniya darasi: a binciken da aka wallafa a 1994, cikin maza masu shan taba sama da 29,000, waɗanda aka ba ƙwayoyin beta-karotin sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin 100. Antioksidan ne kuwa, wanda kowa ya sa wa rai.

7. Bakteriyar hanji ta yi aro daga teku
Jikin mutum ba ya narkar da yawancin zaren ciyawar teku. A 2010 masana a tashar bincike ta Roscoff a Faransa suka gano cewa wata bakteriya a hanjin wasu Japanawa, Bacteroides plebeius, na ɗauke da ƙwayoyin gado na narkar da ciyawar nori. Daga bakteriyar teku ta samo su. Ba a same su a hanjin mutanen Amurka ta Arewa da aka gwada a lokacin ba.

8. Albarushi aka nema, aidin aka samu
A 1811, zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, Bafaranshe Bernard Courtois yana sarrafa tokar ciyawar teku don haɗa sinadarin albarushi. Ya zuba asid ya yi yawa, sai ga hayaƙi mai launin shunayya ya turnuƙe. Aidin ke nan, wanda yau ake sa wa gishiri don hana maƙoƙo. A 1908 kuma Farfesa Kikunae Ikeda na Tokyo ya ware sinadarin gulutamet daga romon ciyawar kombu, shekara guda bayan haka Ajinomoto ya shiga kasuwa. Yau daga rake, rogo ko masara ake yinsa.

9. Tana asibiti tun tuni
Maganin ƙwannafi na Gaviscon yana ɗauke da aljinet daga ciyawa mai ruwan ƙasa. Da ya haɗu da tsamin ciki sai ya kumbura ya yi marfi a saman abinci, ya tare tsamin daga hawa ƙirji. Haka kuma daskararren agar da ake shuka bakteriya a kai a ɗakin gwaji, daga jar ciyawa yake. Fanny Hesse ce ta kawo shawararsa a farkon shekarun 1880, lokacin da mijinta ke aiki da Robert Koch a Jamus, saboda jelatin ɗinsu na narkewa da zafi.

10. Abinci ce, amma da awo
A Koriya, miyar ciyawar miyeok ce kunun kanwar mai jego, kuma ita ake sha ranar zagayowar haihuwa don tuna wahalar uwa. Sai dai duk abin da ya yi yawa ɓarna ne. Babban mutum maikirogiram 150 na aidin yake buƙata a yini, ɗan guntun busasshen kombu kuwa zai iya ninka haka sau da yawa, ya rikita ƙullutun tayirod da ke wuya. A 2004 hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta gargaɗi jama'a su guji ciyawar hijiki saboda gubar asenik. Ita ma sargasum da teku ke jibgewa a gaɓar Afirka ta Yamma tun 2011 tana tara wannan guba.

Binciken nan abin yabo ne, kuma ya cancanci a ci gaba da shi har ya kai ga gwaji a jikin mutane. Kafin nan, idan aka tallata maka kwalbar garin ciyawar teku da sunan tana wanke hanji ko warkar da gyambon ciki, yi tambaya uku: a jikin wa aka gwada, mutum nawa, kuma nawa ne aidin ɗin ciki? Mai juna biyu da mai ciwon tayirod su tuntuɓi likita tukuna. Kada kuma a raina na gida, domin zogale, zoɓo, kuka da alayyahu su ma cike suke da antioksidan, ga araha, ga sabo da cikinmu.