Nicodemus: Garin 'yantattun bayi da ya rage saura mutum 14

A lokacin da hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka ta gudanar da ƙidayar shekarar 2020, mutum 14 kacal ta samu a garin Nicodemus da ke arewa maso yammacin jihar Kansas. Amma duk da haka a ƙarshen watan Yulin kowace shekara ɗaruruwan mutane ne kan yi tururuwa zuwa wannan gari daga sassa daban-daban na ƙasar, kuma kowannensu na cewa gida ya zo.

Dalili kuwa shi ne Nicodemus ba kamar sauran ƙauyukan yankin ba ne. Baƙaƙen fata waɗanda suka fito daga ƙangin bauta ne suka kafa shi a shekarar 1877. A cewar hukumar da ke kula da gandaye da wuraren tarihi ta Amurka, shi kaɗai ne ya rage daga cikin garuruwan da baƙaƙen fata suka kafa a yamma da kogin Mississippi a shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasar ƙasar.

Yadda yawan jama'ar garin ya hau ya kuma sauka na nuna abin da ya sami burin da 'yantattun bayi suka ɗauka, wato mallakar ƙasar noma ta kansu.

'Yanci ba tare da gona ba

Akasarin waɗanda suka kafa garin sun fito ne daga jihar Kentucky. Wannan jiha ba ta ɓalle daga tarayyar Amurka ba a lokacin yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, saboda haka shelar 'yanta bayi da shugaba Abraham Lincoln ya yi a 1863 ba ta shafe ta ba. Bayin Kentucky ba su sami 'yanci a dokance ba sai a watan Disambar 1865, bayan da aka yi wa kundin tsarin mulkin ƙasar gyara na 13.

Sai dai kuma 'yancin ya zo musu hannu rabbana. Ba su da gona, ba su da jari, kuma da yawansu sun ci gaba da noma filayen tsofaffin iyayengijinsu ana raba amfanin gona, tsarin da ke barin manomi cikin bashi shekara da shekaru. A shekarar 1877 kuma gwamnatin tarayya ta daina amfani da sojojinta wajen kare haƙƙin baƙaƙen fata a jihohin kudu, lamarin da ya ƙara ba masu aƙidar fifita farar fata damar cin karensu ba babbaka.

A wannan hali ne hankalin jama'a ya koma kan Kansas, wadda ta shiga tarayya a 1861 a matsayin jihar da ta haramta bauta. Bugu da ƙari akwai wata doka ta 1862 da ake kira dokar Homestead, wadda ta tanadi cewa duk ɗan ƙasar da ya zauna a kan filin gwamnati mai faɗin eka 160, wato kimanin hekta 65, ya gina muhalli ya kuma noma shi har tsawon shekara biyar, to filin ya zama nasa. Waɗannan filaye dai ƙasashen ƙabilun asali ne na nahiyar, waɗanda gwamnati ta kora daga cikinsu.

Tsakanin 1870 da 1880 yawan baƙaƙen fata a Kansas ya tashi daga kimanin 17,000 zuwa kimanin 43,000.

Hayaƙi daga ƙarƙashin ƙasa

A watan Afrilun 1877 ne mutum bakwai suka kafa kamfanin da zai yanka filayen garin, shida baƙaƙen fata da farar fata ɗaya. Shugabansu shi ne wani malamin addinin Kirista mai suna W. H. Smith, farar fatar kuwa wani dillalin filaye ne mai suna W. R. Hill, wanda kuma shi ne ya kafa garin Hill City da ke kusa. Game da sunan garin, wasu na danganta shi da wani mutum da aka ambata a cikin Linjila, wasu kuma da wani bawa haifaffen Afirka da ake ba da labarinsa a wancan zamani.

Wakilan kamfanin sun riƙa bin majami'un baƙaƙen fata a yankunan Lexington da Georgetown na Kentucky suna raba takardun talla, suna kwatanta wurin da ƙasar alkawari mai albarkar noma. A watan Satumbar 1877 wani babban ayari mai mutum kimanin 300 ya iso, sannan wani ayarin ya biyo baya a farkon 1878.

Jirgin ƙasa ya sauke su ne a garin Ellis, daga nan kuma sai da suka yi tafiyar kilomita fiye da 50, wasu a kan keken doki, wasu a ƙafa. Abin da suka tarar ya sha bamban da abin da aka faɗa musu. Fili ne fetal, babu itatuwa in ban da 'yan kaɗan a gaɓar kogin Solomon, ruwan sama kuma bai cika kai milimita 600 a shekara ba. Tun da babu katakon gini, sai mutane suka riƙa haƙa ramuka a jikin gangare suna rufe su da rassa da ciyawa da ƙasa, su mayar da su ɗakunan kwana.

Wata mata mai suna Willianna Hickman, wadda ta zo da ayarin 1878, ta ba da labari shekaru da yawa bayan haka cewa da aka ce mata an iso sai ta duba ba ta ga gari ba, har sai da mijinta ya nuna mata hayaƙin da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa. Ta ce a nan take ta fashe da kuka.

Iyalai da dama sun juya tun a kwanakin farko. Waɗanda suka tsaya kuwa sun iso ne bayan lokacin shuka ya wuce, ga shi ba su da dawaki ko garmar da za ta iya karya ƙasar, ga kuma hunturu da dusar ƙanƙara. Zuriyarsu na ba da labarin cewa wasu 'yan ƙabilar Osage da ke dawowa daga farauta sun taimaka musu da nama a wannan hunturu na farko. Wasu magidanta sun tafi ƙodago a layin dogo, wasu kuma suka riƙa tsince ƙasusuwan ɓauna a daji suna sayarwa.

Shekarun bunƙasa

Mahaƙurci mawadaci, in ji Hausawa. Cikin shekaru ƙalilan gidajen rami suka fara ba da wuri ga gine-ginen farin dutse da ake fasawa a yankin, aka kuma fara girbin masara da alkama. Wani mai suna Zachariah Fletcher ya buɗe kanti da gidan waya da masaukin baƙi, matarsa Jenny kuma ta fara koyar da yara a cikin ɗakin rami. Gundumar makaranta ta farko da aka kafa a duk faɗin ƙaramar hukumar Graham ta Nicodemus ce, a 1879.

Ya zuwa tsakiyar shekarun 1880 garin na da kantuna da ɗakunan sayar da magani da masaukan baƙi da majami'u da ƙungiyar makaɗa. An fara buga jaridar Western Cyclone a 1886, sannan Nicodemus Enterprise a 1887, shekarar da aka buɗe banki. Wasu daga cikin 'yan kasuwar garin fararen fata ne, kuma suna hulɗar ciniki da maƙwabtansu baƙaƙe.

Garin ya kuma yi tasiri a siyasa. Edward McCabe, wanda ya zo Nicodemus a 1878, ya ci zaɓen babban mai binciken kuɗi na jihar Kansas a 1882, aka kuma sake zaɓensa a 1884. A wancan lokaci yana daga cikin baƙaƙen fata mafiya girman muƙami a wajen jihohin kudu. Daga baya ya koma yankin Oklahoma, inda ya taimaka wajen kafa wani garin baƙaƙen fata mai suna Langston.

Layin dogo ya kauce

A wancan zamani ran kowane gari a yammacin Amurka na rataye ne a kan layin dogo. Garin da ke da tasha zai iya aika hatsinsa kasuwa da araha ya kuma jawo 'yan kasuwa, wanda ba shi da ita kuwa sai ya zuba ido.

Mutanen Nicodemus sun san da haka. A 1887 suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da fitar da takardun lamuni na dala 16,000 domin jawo hankalin kamfanin jiragen ƙasa na Missouri Pacific, amma layin kamfanin bai wuce garin Stockton da ke gabas ba. A 1888 kuma kamfanin Union Pacific ya shimfiɗa nasa layin ta kudancin kogin Solomon, kimanin kilomita goma daga garin, inda wani sabon gari mai suna Bogue ya tsiro a kusa da tashar.

Cikin ɗan lokaci 'yan kasuwa suka fara kwashe kayansu zuwa Bogue, wasu ma har da gine-ginensu suka ɗauka. Bankin ya rufe, jaridun suka daina fitowa. Daga nan Nicodemus ya tashi daga cibiyar kasuwanci ya koma wurin da manoman kewaye ke haɗuwa domin ibada da karatun yara da bukukuwa.

Amma manoman ba su tashi ba, domin gonakin nasu ne. Hasali ma yawan baƙaƙen fata a yankin ya ci gaba da ƙaruwa har ya kusa kai 600 a wajajen 1910.

Fari da bashi

Abin da ya karya ƙashin bayan manoman ya zo ne daga baya. Tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 1929, farashin hatsi ya faɗi warwas, sannan a shekarun 1930 aka yi mummunan fari tare da guguwar ƙura wadda ta kwashe ƙasar saman gonaki a yammacin Kansas da jihohin da ke maƙwabtaka da ita. Manoma da dama sun kasa biyan bashi da haraji, gonakinsu suka salwanta.

Bayan yaƙin duniya na biyu kuma sai injinan noma suka sauya lissafi. Eka 160 da a da ke riƙe iyali guda ta daina wadatarwa, manyan manoma suka riƙa haɗiye ƙanana, matasa kuma suka nufi birane irin su Denver da Kansas City da jihar California neman aiki. Ya zuwa 1950 mutum 16 ne suka rage a cikin garin. An rufe gidan waya a 1953, makarantar ma ta bi baya a wajajen 1960.

Wannan matsala dai ba ta tsaya ga Nicodemus kaɗai ba. Ƙaramar hukumar Graham baki ɗayanta na da mutum kimanin 8,700 a 1910, amma a 2020 ba su kai 2,500 ba. Shi kansa garin Bogue da ya ƙwace wa Nicodemus kasuwa, ƙidayar 2020 ta nuna mazaunansa ba su kai 200 ba.

Sai dai baƙaƙen manoma sun fuskanci wani ƙarin cikas, wato wariya wajen samun rancen noma. A 1920 akwai baƙaƙen manoma fiye da 900,000 a Amurka, kimanin kashi 14 cikin ɗari na dukkan manoman ƙasar. A ƙidayar manoma ta 2017 ba su kai 50,000 ba, wato ƙasa da kashi 2 cikin ɗari. A 1997 wasu baƙaƙen manoma sun maka ma'aikatar aikin gona ta tarayya a kotu bisa zargin nuna musu bambanci wajen ba da rance da tallafi, a shari'ar da aka fi sani da Pigford. An cim ma sulhu a 1999, sannan a 2010 gwamnati ta amince da ware ƙarin dala biliyan ɗaya da miliyan 250 domin waɗanda ba su samu shiga zagayen farko ba.

Waɗanda ƙidaya ba ta gani

Tun daga shekarun 1970 zuriyar garin suka tashi haiƙan domin kada sunansa ya ɓace. Wasu da suka yi ritaya a birane sun dawo gida, kuma a 1976 gwamnatin tarayya ta sanya garin cikin jerin muhimman wuraren tarihi na ƙasa. Wata 'yar asalin garin mai suna Angela Bates ta kafa ƙungiyar adana tarihin Nicodemus a ƙarshen shekarun 1980, ta kuma jagoranci fafutukar da ta kai ga majalisar dokokin Amurka ta amince da dokar da ta mayar da shi wurin tarihi da ke ƙarƙashin kulawar tarayya a watan Nuwambar 1996.

Gine-gine biyar ne dokar ta ba kariya. Akwai majami'u biyu, da tsohon masaukin baƙi na Fletcher, da ginin makaranta na 1918, da kuma zauren taron gari na farin dutse wanda aka kammala a 1939 a ƙarƙashin shirin gwamnati na samar wa marasa aiki abin yi.

Su ma manoman da suka rage sun kafa ƙungiyar baƙaƙen manoman Kansas a 1999, kuma a shekarun 2000 sun gwada noman tef, wani hatsi mai jure fari da ake yin abinci da shi a Habasha, ko za su sami kasuwar da manyan manoman alkama ba su mamaye ba.

Babban abin da ke haɗa zuriyar dai shi ne bikin shekara-shekara da aka faro tun 1878. Asalinsa biki ne na ranar 1 ga watan Agusta, domin tunawa da ranar da Ingila ta soke bauta a tsibiran Karibiyan da ke ƙarƙashinta a 1834, amma daga baya aka mayar da shi ƙarshen makon ƙarshe na watan Yuli, ya zama bikin komawa gida. Ana yin jerin gwano da kaɗe-kaɗe da addu'o'i, ana kuma ziyartar maƙabartun da aka binne iyaye da kakanni. Wasu daga cikin masu zuwa har yanzu suna da gadon filaye a yankin, ko da yake a wasu jihohi suke zaune.

Babban ƙalubalen shi ne akasarin mazaunan dindindin dattawa ne, kuma babu wata sana'a a garin da za ta riƙe matashi mai iyali. Dokar 1996 ta kare gine-gine, amma ba ta shafi gonakin da ke kewaye ba, waɗanda dominsu ne aka yi ƙaura tun daga Kentucky. Makomar garin za ta dogara ne a kan ko zuriyar da ke zuwa biki sau ɗaya a shekara za su ci gaba da riƙe waɗannan gonaki, da kuma adadin mutanen da za a tarar a cikinsa idan aka zo ƙidayar 2030.