Yadda Zane Ya Yaƙi Tsangwamar Masu Cutar Sida, Daga New York Zuwa Dakoro

Duk wanda ya yi wayo a Dakoro ko Maraɗi a shekarun 1990 zai iya tuna irin hotunan da ake liƙawa a bangon likita domin gargaɗi kan cutar sida, wadda ƴan Nijeriya ke kira ƙanjamau. Yawanci za ka ga mutum ne ya rame, haƙarƙari a waje. Manufar ita ce a tsorata jama'a, kuma sun tsorata, har ta kai ana yi wa cutar laƙabi da "kabari kusa". Sai dai illar da hakan ta haifar ita ce, ɗan ci-rani da ya dawo daga Abijan ko Legas da rama ya gwammace ya ɓuya a ɗaki da ya je gwaji, domin gudun nuni da yatsa.

Ba a nan kaɗai aka yi fama da wannan ba. A Amurka, a farkon shekarun 1980, an jingina cutar ga ƴan luwaɗi da masu allurar ƙwaya, kamar yadda a nan aka jingina ta ga mata masu zaman kansu. A cikin wannan hali ne wani mai zane, Keith Haring, ya ɗauki wata hanya daban. Salonsa shi ne na zanen talla, wato launi mai haske da layi mai kauri, wanda ko wanda bai yi boko ba zai gane. An tabbatar masa yana ɗauke da cutar a 1988, kuma bai ɓoye ba. A 1989 ya fitar da wani hoto na mutum uku, ɗaya ya rufe ido, ɗaya kunne, ɗaya baki, tare da rubutun da ke nuna cewa jahilci ne ke haifar da tsoro, shiru kuma mutuwa ne. Ba majinyaci ya zana ba, masu kawar da kai ya zana. Ya rasu a watan Fabrairun 1990 yana da shekara 31.

A Nijar, inda aka fara samun cutar a 1987, batun ya fi haka wuya, saboda maganar jima'i a fili abin kunya ce a al'adarmu. Ba a manta da tarzomar watan Nuwamban 2000 ba, lokacin da masu adawa da bikin nuna tufafi na FIMA suka far wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu a Maraɗi.

Bayan haka ne ƙungiyar Animas-Sutura, da tallafin Jamus, ta fito da kwaroron roba mai suna Foula. Maimakon hoton mace da namiji, sai aka yi amfani da hular gargajiya, wadda kowa ya san aikinta shi ne kariya daga rana, aka kuma sa shahararren ɗan kokawar nan Balla Harouna a tallar. Da wannan dabara magidanci ke iya ambatar sunan a kanti ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Ƙididdigar ƙasa ta nuna masu ɗauke da cutar sun ragu daga kashi 0.7 cikin ɗari na manya a 2006 zuwa 0.4 a 2012. Ba hoto kaɗai ya kawo haka ba, domin tun 2004 aka fara bayar da maganin rage kaifin cutar kyauta. To amma magani ba ya amfanar wanda kunya ta hana shi zuwa karɓa. Shi ya sa duk mai shirin liƙa hoto a ranar 1 ga Disamba, ranar yaƙi da sida ta duniya, ya kamata ya tambayi kansa: idan mai cutar ya tsaya gaban hoton nan, zai ƙarasa cikin likita, ko zai juya gida?