TARON SHUGABANNI DA DAMUNARMU

Manoma, a wannan mako za mu ajiye zancen taki, mu leƙa tarurrukan da shugabannin duniya ke yi a kan hayaƙi, gama abin ya shafi damunarmu.

Hayaƙin kwal da man fetur da gas yana taruwa a sararin sama, ya tare zafi kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Shi ke ƙara zafi, ya rikita lokacin ruwa, yau fari gobe ambaliya.

Domin wannan aka taru a Rio, ƙasar Barazil, a 1992, aka yarda a ɗauki mataki. A Paris, a 1997 kuwa ba a kai can ba tukuna, Kyoto ta Japan aka je, inda ƙasashe masu masana'antu suka yi alkawarin ragewa. Sai a 2015 aka haɗu a Paris, kusan duk ƙasashe suka yarda kada ƙarin zafin ya kai digiri 2, in da hali ya tsaya a 1.5.

To, ina aka kwana? Hayaƙin bai ragu ba. A 1990 ana fitar da wajen ton miliyan dubu 22 a shekara, a 2023 ya kai 37. Rabon Afirka duka bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Kuɗin taimako ma, dala miliyan dubu 100 a shekara da aka yi wa ƙasashe matalauta alkawarin cikawa a 2020, sai 2022 suka cika.

Duk da haka an ci gaba. Kafin taron Paris masana suna hasashen ƙarin kusan digiri 4 a ƙarshen ƙarnin nan, yanzu ƙasa da 3. Kuma faifan hasken rana ya yi araha ƙwarai, har masu noman rani suna jan ruwa da shi ba man fetur.

Amma zafin da ya riga ya ƙaru yana nan, saboda haka kada mu yi jiran gawon shanu. A nemi iri mai saurin nuna. A daina ƙone kara a gona. A bar tsiron itatuwa ya tashi, yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka raya itatuwa wajen miliyan 200. Wanda ke son bayanin iri ya tuntuɓi malamin gona na gundumarsa kafin ruwan shuka.

Allah ya ba mu damuna mai albarka.