gcov: Yadda Ake Gano Layukan Manhaja Da Gwaji Bai Taɓa Shiga Ba

Manomin shinkafar rani a fadamar Zauro, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, idan ya tayar da injin ban ruwa ba ya komawa inuwa ya zauna. Sai ya zaga gonar fangali bayan fangali, ya ga inda ruwa ya shiga da inda ya tsallake. Mai rubuta manhaja ma yana da irin wannan zagaye. Bayan ya gwada aikinsa, yana bukatar sanin layukan da kwamfuta ta bi ta kansu da waɗanda ba ta taɓa takawa ba. Ɗaya daga cikin kayan aikin da ke ba shi wannan amsa shi ne gcov.

gcov yana zuwa ne tare da GCC, wato manhajar kyauta da ke juya rubutun harshen C da C++ zuwa abin da na'ura ke ganewa. Ba shi da maɓallin dannawa, umarni ake rubuta masa a tagar umarni.

A ɗauka wani matashi ya rubuta 'yar manhaja mai suna lissafi.c don ƙididdige kuɗin buhunan shinkafa, da sharaɗin ragi ga wanda ya sayi fiye da buhu 10. Matakai uku zai bi:

gcc --coverage -o lissafi lissafi.c
./lissafi
gcov lissafi.c

Umarni na farko yana harhaɗa manhajar, ya dasa mata ma'auni a ciki, ya kuma ajiye taswirarta a fayil mai ƙarewa da .gcno. Na biyu yana kunna ta, kuma da ta kammala sai ta rubuta ƙidayarta a fayil na .gcda. Na uku ya haɗa fayilolin biyu, ya faɗi kashi nawa cikin ɗari na layukan aka bi, sannan ya fitar da lissafi.c.gcov. A cikinsa, kowane layi yana ɗauke da adadin sau nawa aka bi ta kansa. Layin da ba a taɓa bi ba kuwa, alamar ##### ce a gabansa. Idan matashin ya gwada da buhu 3 da buhu 5 kawai, layin ragin zai fito da wannan alamar. Ma'ana bai san ko daidai yake ba, sai ranar da babban ɗan kasuwa ya zo.

Kada a ɗauka wannan matsalar masu koyo ce kaɗai. A ranar 21 ga Fabrairu, 2014, kamfanin Apple ya fitar da iOS 7.0.6 don toshe kuskuren da aka yi wa laƙabi da goto fail. Layi ɗaya ne aka maimaita sau biyu a sashen da ke tantance sa hannun shafukan intanet masu tsaro. Maimaicin ya sa ana tsallake matakin ƙarshe na tantancewar a kowane lokaci, har wanda ke kan hanyar sadarwa ɗaya da mai wayar zai iya shigar burtu a matsayin shafin gaskiya. Layukan da aka tsallake irinsu ne ma'aunin gwaji ke nunawa ba a taɓa takawa ba.

A ɗaya ɓangaren akwai SQLite, ma'ajiyar bayanai da D. Richard Hipp ya fara fitarwa a shekarar 2000. Tana cikin kowace wayar Android da iPhone, kuma a cikinta WhatsApp ke adana saƙonni. Masu kula da ita suna amfani da gcov, kuma tun 2009 suka kai ga gwada kowane reshe na sharaɗin da ke cikin gundarinta. Shi ya sa mutane da yawa ke amfani da ita kullum ba su ma san sunanta ba.

Sai dai akwai abin lura. Shigar ruwa fangali ba ta nufin shinkafa za ta yi kyau. gcov yana faɗin an bi ta kan layi ne, ba ya faɗin ko amsar da ta fito daidai ce. Dole mai gwaji ya kwatanta sakamakon da abin da yake sa rai. Haka nan ƙara -b a umarnin gcov na nuna rassan sharaɗi, domin layi ɗaya na iya samun hanya biyu, a bi guda a bar guda.

Wanda ba shi da kwamfuta ma bai rasa hanya ba. Manhajar Termux tana ba wayar Android tagar umarni, inda ake sauke clang, wanda shi ma ya san --coverage, a karanta sakamakon da llvm-cov gcov. Masu son ganin rahoton da launuka a burauza sai su nemi lcov ko gcovr.

Kafin mutum ya miƙa wa kowa manhajar da za ta riƙe kuɗinsa ko sirrinsa, ya fara buɗe fayil ɗin .gcov, ya nemi #####, ya rubuta wa kowanne gwajinsa.