Yadda Masuntan Amurka Ke Kama Kifi Da Koton Roba

A ƙasar Amurka akwai wani kifin ruwan daɗi da ake kira kirafi. Jikinsa falange ne kamar na karfasa, kuma namansa fari ne mai daɗi. Iri biyu ne, fari da baƙi. Yawancinsu ba su wuce rabin kilo ba. Amma a shekarar 1957 an kama wani fari a madatsar ruwa ta Enid, cikin jihar Misisipi, wanda ya haura kilo 2.

Lokacin Da Kifin Ke Ɓacewa

Idan sanyi ya wuce, wajen watan Maris da Afrilu, kifin yakan matso bakin gaɓa don ya zuba ƙwai. A lokacin kama shi ba wuya. Ko yaro ma yana iya samu da fatsa.

Amma daga watan Yuni zuwa Agusta zafi yake yi. Sai kifin ya bar gaɓa ya koma tsakiyar tafki, yana bin garken ƙananan kifaye da yake ci. Ba ya hawowa sama, saboda ruwan saman ya yi ɗumi. Ba ya kuma sauka can ƙasa, saboda iskar da yake shaƙa ta yi ƙaranci a wurin. Sai ya tsaya tsakatsaki, sau da yawa a zurfin mita 3 zuwa 5. Wanda ya zauna bakin gaɓa yana jira, haka zai koma gida hannu wofi. Don haka masunta suke shiga jirgi su bi shi.

Mene Ne Koton Roba?

Ɗan kifi ne na ƙarya da aka yi da roba ko katako. Tsawonsa kamar yatsa. An yi masa fenti, an rataya masa ƙugiyoyi a ciki da wutsiya. A bakinsa akwai wani ɗan leɓe mai faɗi. Idan aka ja shi, ruwa yakan danna leɓen, sai ya nutse yana kaɗa jiki kamar mai rai. Idan leɓen ya fi tsawo, ya fi nitso.

Yadda Ake Jan Sa

Masunci yakan jera sandunan fatsa a jikin jirgi, wasu dogaye wasu gajeru, don kada zaruruwan su sarƙe. Sai ya saki zare a bayan jirgi, ya tuƙa a hankali. Gudun bai wuce kilomita 3 a awa ɗaya ba, wato bai kai tafiyar mutum a ƙasa ba.

Babban sirrin shi ne zurfi. Kirafi sama yake duba idan zai ci abinci. Idan koto ya bi ta ƙarƙashinsa, da wuya ya kula da shi. Dole ya wuce ta ɗan samansa kaɗan.

Tsawon zare shi ke daidaita zurfin. Idan aka ƙara sakin zare, koton ya ƙara nutsewa. Siririn zare kuma ya fi mai kauri kai koto ƙasa. Shi ya sa masunci yake sakin zare daban-daban a kowace sanda. Wadda ta fara kamawa, ita ta nuna inda kifin yake. Sai ya mayar da sauran daidai da ita. Masunta da yawa suna da na'ura mai nuna musu abin da ke ƙarƙashin ruwa.

Idan kifi ya kama, ba a fizgar sanda. Fatar bakinsa ba ta da kauri, tana yagewa da sauri. A hankali ake naɗe zare, sannan a tare shi da 'yar koma. Sannu ba ta hana zuwa.

Doka Tana Kare Kifin

Wannan dabara tana kama kifi da yawa, domin jirgi yana ratsa wuri mai faɗi cikin ɗan lokaci. Idan aka bar kowa ya kwashi yadda ya so, tafki zai ƙare. Saboda haka hukuma ta sa doka. A manyan tafkunan Misisipi, kamar Enid da Girenada da Sardis, sai kifi ya wuce inci 12 kafin a tafi da shi gida. Ƙarami kuwa a mayar da shi ruwa. An kuma ƙayyade yawan wanda mutum zai kama a rana, da yawan sandunan da zai jera.

Kifin da aka mayar bana, shi zai girma ya zuba ƙwai baɗi. Da haka masunci yake samun na yau, 'ya'yansa kuma su tarar da nasu.