Bagadaza da ƙasar Ƙonni: tsohuwar zumunta ta ilimi

Yawancin samarin Ƙonni, da Malbaza, da Illela ba su san sunan Iraki ba sai a cikin labarun yaƙi da rediyo ke kawowa. Dattawa kuwa, musamman waɗanda suka yi karatun zaure, ba su cika cewa Iraki ba, Bagadaza suke cewa, kuma da ladabi suke ambaton sunan, domin a wurinsu gari ne na malamai da waliyyai. Dattawan nan suna da hujja, kuma hujjar tana nan cikin ƙasar Ƙonni kanta.

Iraki ƙasa ce da ke tsakanin koguna biyu, Dijla da Furatu. A nan Sumerawa suka fara rubutu bisa allunan laka, shekaru fiye da 5000 da suka wuce, a nan kuma Hammurabi, sarkin Babila, ya sa aka sassaƙa dokokinsa jikin dutse wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa. Birnin Bagadaza shi kansa yaro ne cikin garuruwan ƙasar, gama Halifa Mansur ne ya gina shi a shekarar 762. A zamanin Haruna Rashidu da ɗansa Ma'amun ya zama matattarar masana, ana juya littattafan Yunanawa da Farisawa da Indiyawa zuwa Larabci. Darajar nan ta daɗe, har Mangolawa ƙarƙashin Hulagu suka ci garin a 1258, suka kashe halifa, suka hallaka ɗakunan littattafai.

To, amma abin da ya riga ya fita daga Bagadaza, da Basra, da Kufa, takobi bai same shi ba. Ya bi ayarin fatake da alhazai ta Masar da Magarib, ya ratso hamada ta Agadas da Tumbutu, ya sauka a zaurukan ƙasar Hausa. Almajirin da ya zauna gaban malaminsa a Tsarnawa ko Badagishiri yana karanta littafin fiƙihun nan da ake kira Askari, to, littafin Ibn Askar ne, malamin Malikiyya na Bagadaza, wanda ya rasu a 1332. In ya ci gaba har ya kai ga Maƙamatul Hariri, wanda malamai ke gwada zurfin Larabcin ɗalibi da shi, ya shiga hannun mutumin Basra, Hariri, da ya rasu a 1122. Nahawun da ke wahalar da shi, tushensa muhawarar malaman Basra da na Kufa ce. Har ma'aunin waƙa, watau aruli, wanda marubuta waƙoƙin ajami na Hausa da Fillanci suka ɗora baitocinsu a kai, Halilu ɗan Ahmadu na Basra ne ya tsara shi a ƙarni na 8. Mutum yakan rera waƙar wa'azi tun yana yaro har ya tsufa, bai san ma'aunin ɗan Basra yake bi ba.

Babbar igiyar da ta ɗaure ƙasashen biyu ita ce ɗariƙar Ƙadiriyya. Shehu Abdulƙadir Jilani ba haifaffen Bagadaza ba ne, daga Jilan ta ƙasar Farisa ya zo neman ilimi, amma a can ya karantar, ya yi wa'azi, ya rasu a 1166, kuma hubbarensa yana unguwar Babus Shaihi ana ziyara har yau. Kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Toronkawa, sun zauna ƙasar Ƙonni zamani mai tsawo bayan tasowarsu daga Futa Toro, kafin su koma Maratta, kusa da Galmi ta gundumar Malbaza, inda aka haifi Shehu a 1754. Shehu Baƙadire ne, kuma shi da kansa ya rubuta cewa yana ɗan shekara arba'in ya ga Abdulƙadir cikin wahayin waliyyai, ya rataya masa takobin gaskiya. Shekaru goma bayan haka, a 1804, aka yi hijira zuwa Gudu, jihadi ya tashi, jama'arsa kuma aka san su da sunan Ƙadirawa. Wanda duk ya san yadda wannan jihadi ya sake fasalin Gobir, da Adar, da Ƙonni, ya san ba ƙaramin abu ne ya fito daga wancan hubbare ba. Hanyar kuwa ba ta toshe ba, domin a 1953 Shehu Nasiru Kabara na Kano ya je Bagadaza ya sadu da jikokin Abdulƙadir.

Akwai kuma labarin Bayajida, wanda aka ce ɗan sarkin Bagadaza ne, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu ta Daura. Masana tarihi ba su ɗauke shi tabbataccen labari ba. Duk da haka ya nuna cewa da Hausawan dā suka nemi asali mai daraja, sunan Bagadaza suka kama.

Mutanen Iraki ba kabila ɗaya ba ne. Akwai Larabawa, Shi'a da Sunni, akwai Kurdawa a duwatsun arewa, da Turkumawa, da Kiristoci masu addu'a da harshen Suriyanci, da Yazidawa. A fadamun kudu akwai masu kiwon ɓauna da ke gina ɗakunan baƙi da zallar kara. A Basra, garin dabino, akwai baƙaƙen fata, waɗanda kakanninsu aka kawo daga Afirka.

Zamanin nan bai yi musu da sauƙi ba: yaƙi da Iran daga 1980 zuwa 1988, rikicin Kuwaiti na 1990 da 1991, inda Nijar ta aika sojoji Saudiyya, sa'an nan takunkumi na shekaru. Abin takaici, cikin dalilan da Amurka ta kawo don mamayar 2003 har da sunan Nijar, aka ce Saddam Husaini ya nemi sayen yuraniyom a nan. A watan Maris na shekarar, hukumar duniya mai kula da makamashin nukiliya ta bayyana cewa takardun jabu ne, amma yaƙi bai fasa ba. A watan Afrilu ɓarayi suka wawashe gidan kayan tarihi na Bagadaza, suka kwashe abubuwa wajen 15000. A 2014 ƴan Da'ish suka rushe masallacin Annabi Yunusa a Mosul, sai a 2017 aka ƙwato garin daga hannunsu.