Gyambon ya bushe, tunjeren yana nan

Na gaji da jin masu tallar magani a tasha da kasuwa suna cika baki ta lasifika, wai garin maganinsu na kashe tunjere cikin kwana uku. Hujjarsu ɗaya ce: gyambon da ya fito a al'aura ya bushe. To ai ko ba a sha komai ba bushewa zai yi! Halin cutar ke nan. Gyambon farko ba ya zafi, yakan fito kamar mako uku bayan saduwa, ya ɓace da kansa cikin mako uku zuwa shida. Mai gari ya karɓi kuɗi ya sha yabo, ƙwayar cutar kuwa tuni ta shige jini. Can gaba ƙuraje su feso har tafin hannu da na ƙafa, su ma su tafi da kansu, a sake yi wa mai gari godiya.

Sai shiru, shekara 10, 20, har 30. A jikin wasu, cikin shirun nan ƙwayar take cin bangon babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya. Bangon ya saki, bakin jijiyar ya faɗaɗa, murfin da ke hana jini komawa baya ya daina rufuwa ruf. Kowane bugu, wani jinin ya koma inda ya fito, zuciya ta yi ta fama har ta kumbura. Magidanci ya kasa hawa bene, da dare sai ya tada kai da matasai uku saboda haki, takalmi ya ƙi shiga. Daga nan sai zancen sammu, babu mai tuna gyambon samartaka. A wani tsohon bincike a Oslo ta ƙasar Norway, kusan ɗaya cikin goma na waɗanda ba a yi wa magani ba cutar ta taɓa musu zuciya ko jijiyarta.

Gaskiya ne, a wajenmu ciwon maƙogwaron yarinta da aka yi wa sakaci ya fi tunjere lalata murfin zuciya.

Duk da haka, wanda ya taɓa ganin irin gyambon nan, ko shekara nawa aka yi, ya je asibiti a gwada jininsa. Maganin allurar fenisilin ce: sabon kamu guda ɗaya, wanda ya daɗe guda uku, mako-mako. Kafso biyu daga kemis ba sa maye gurbinta. A je da uwargida da amarya duka, kunya ba ta hana maigida sake kamuwa. Mai ciki ta tambaya a wajen awo ko an yi mata gwajin, don cutar na kashe ɗan tayi. Ƙwayar cutar kawai allurar take kashewa. Murfin da ya riga ya lalace sai tiyata.